Kurman mai gidan haya da mutum uku da suka kusa ɓata mana wasa a Jos

Abin ya faru wata Asabar cikin Disamba, lokacin da sanyin Jos ya kai inda in ka taɓa ruwan randa da safe sai ka yi da-na-sani. Wani abokina da muka yi sakandare tare yana cikin wata ƙungiyar 'yan wasan daɓe, sun shirya wasan barkwanci na kwana biyu, Juma'a da Asabar, ya turo min fosta a WhatsApp har sau huɗu, na ga in ban je ba zumunci zai samu tangarɗa. Ba zan faɗi sunan hol ɗin ba, ba zan faɗi sunan ƙungiyar ba, don ba su suka yi laifi ba.

Muka fito daga Anguwar Rogo ana idar da la'asar, ni da matata da ƙanwarta, muka hau keke napep zuwa Taminus, daga nan muka sake wani. An rubuta huɗu da rabi, aka fara biyar, wanda a ƙasar nan ai sai dai a ce sun yi ƙoƙari. Hol ɗin ƙarami ne, ba zai wuce mutum ɗari biyu ba, kujerun roba, an rufe tagogi da baƙin yadi don a samu duhu, janareta na ta gurnani a baya. Makirufo biyu ne kacal a gaban dandamali, 'yan wasan da muryarsu suke aiki. Ku riƙe wannan don shi ne ya sa duk wata ƙaramar magana daga cikin 'yan kallo take zama babba.

Mutanen da suka zo kuwa Jos ce sak. Hausawa, Birom, Ngas, Ibo, Yarabawa, ɗaliban jami'a da jakunkunansu a baya, da 'yan makarantar koyon fim. Garin nan dama ba baƙon wasa ba ne, hukumar fina-finai ta ƙasa tana nan, kwalejin talabijin ta NTA tana Rayfil, mu kuma da Karkuzu muka buɗe ido a talabijin, ɗan gari ne. Wasan ma da Hausa da Broka aka cakuɗa shi yadda ake magana a kasuwar Taminus.

Labarin wani tsoho ne mai gidan haya da ya mai da kansa kurma. In ɗan haya yazo yace "Baba rufin ɗakina na yoyo", sai ya kara hannu a kunne yace "Goro? Allah ya yi albarka, ajiye nan." Wata tazo tace "Baba masai ya cika", yace "Masa? Da miya ko da sikari?" Haka ake ta yi, ana ta ɗora wa mutane yarda cewa tsohon nan bai ji ko tsawa. Sai a fitowa ta uku wani ɗan haya ya laɓe can ƙarshen dandamali, ya juya baya, yana ƙirga kuɗi a ɓoye a hankali. Tsohon yana ɗaya ƙarshen yana gyangyaɗi. Sai yayi shiru. Ya ɗaga kai a hankali. Wannan shirun na kaman daƙiƙa uku shi ne jarin wasan gaba ɗaya, don a ƙarshensa zai ce, ba tare da ya waiwaya ba, "Dubu bakwai ne, akwai ɗari biyar mai salatif."

To a cikin wannan shirun ne wata murya daga bayan ƙeyata tace da ƙarfi, "Yanzu zai ce dubu bakwai ne, akwai mai salatif!"

Na ɗaya kenan. Saurayi ne da bai wuce shekara ashirin ba, jar hula irin ta sanyi, yana tare da abokansa biyu. Kuma ba wannan ne farko ba, tun fara wasan yake ta yi, "kalli kalli yanzu zai faɗi", "wannan matar ƙarya take, ita ta sace tukunyar", amma wannan ɗin ne ya ƙona min rai. Layinmu da na bayanmu muka yi wata 'yar dariya mara gishiri kafin lokaci, sauran hol suka yi tasu daga baya, dariyar da ya kamata ta tashi lokaci ɗaya kaman an fasa kwalba sai ta rabu gida biyu. Na ga tsohon ya ɗan kalli ɓangarenmu, ya ci gaba.

Ta biyu tana gabanmu, layi ɗaya tsakani. Wata anti ce da ta ɗaga waya sama da kanta, ta kunna fitilar wayar, tana laif a TikTok, harda yi wa mabiyanta bayani ƙasa ƙasa. Ƙanwar matata gajera ce, rabin wasan a cikin gilashin wayar antin ta kalle shi. Kuma matsalar haske ba ta tare gaba kaɗai ba ce. Ido na ɗaukan minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, haske mai ƙarfi kuma cikin ɗan lokaci yake rushe wannan, shi yasa in waya ta haska a gabanka a hol, ko an kashe ta sai ka ɗau lokaci kana ganin dishi dishi. Ɗan wasa kuma da ke sama fitilar tana dukan idonsa kai tsaye.

Na uku wani Alhaji ne da ya shigo bayan an yi kusan rabin awa, babbar riga tana shan sitati, mutum uku na biye da shi, aka tashi wasu ɗalibai daga layin gaba aka ba su wuri. Bai daɗe da zama ba wayarsa ta ɗau ruri. Ya ɗauka. "Salamu alaikum. Eh ina wajen dirama ne, ina jinka, yi magana." Yarinyar da ke nuna wa mutane kujera taje ta durƙusa tace "ranka ya daɗe dan Allah", ya ɗaga mata hannu alamar ta jira ya gama.

Akwai kuma jariri da yayi kuka sau biyu, amma ban saka shi a lissafi ba. Uwar ta tashi da sauri ta fita da shi duk sau biyun, tana ba mutane haƙuri da ido. Wannan ba rashin ta ido ba ne, rayuwa ce.

Abin da muka gwada

Na fara da harara, irin wadda ake juyawa rabi a dawo. A duhu harara asara ce. Na yi tsaki. Wani daga gefe yayi "shhh", wanda ni a ganina yafi surutun ma damun mutane don kowa sai ya juya ya ga wa ake wa. Yaron yayi shiru minti biyu ya dawo. Da ya cinye maganar salatif ɗin nan sai na juya gaba ɗaya nace, da muryar da layi uku suka ji, "Malam dan Allah ka rufa mana baki, ba kai muka zo kallo ba."

Kuskurena kenan, kuma na gane tun kafin in gama juyowa. Yace "Oga kai ka biya min tikiti?" Abokansa suka kwashe da dariya. Yanzu magana ta tashi daga kan wasa ta koma kan waye zai ji kunya a gaban mutane, kuma saurayi a gaban abokansa gara ya kwana a ofishin 'yan sanda da ace wani ya tsawata masa yayi shiru. Sai ma ya ƙara murya. Matata ta dafa min gwiwa tace "Abban yara, bari." Na bari, amma minti goma da suka biyo ban san me akayi a dandamali ba, ina ta shirya amsoshin da ya kamata in ba shi a raina. Wato na biya kuɗi na zo na zauna ina rigima da yaro a cikin kaina.

Wani abu da wanda ba ɗan Jos ba zai iya kasa lura da shi: antin nan mai waya, kusan mutum goma take tare wa, babu wanda ya ce mata uffan. Ba tsoronta ake ba. Garin da ya ga rikicin 2001 da 2008 da 2010 ya koyi cewa cacar baki tsakanin baƙi biyu a cikin taro ba a san da wane suna za ta fita waje ba, kafin ka ankara an daina cewa wani da wata, an koma cewa su da mu. To mutane sun gwammace su haɗiye. Yana da kyau ta wani gefen, ta wani gefen kuma shi ke ba mara kunya fili.

Alhaji kuwa daga dandamali aka yi maganinsa. Wayar ta sake ƙara karo na biyu, daidai tsohon na cikin kurumtarsa wata 'yar haya na masa ihu a kunne. Sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ita, ya karkata kai wajen layin gaba, yace "Tsaya tsaya. Na ji ƙarar alat. Alhaji kuɗin haya ne? Turo kawai, akawun ɗina bai kurumce ba." Wallahi hol ɗin nan kaman zai tsage. Mutane na buga kujera, wata mama a gefena tana share hawaye da bakin zani. Ita ce dariya mafi girma a daren, kuma ba ta cikin rubutun wasan. Alhaji yayi murmushin yaƙe, ya danna wayar ya tura aljihu, ba a sake jin ta ba.

Wajen alwala

An tsara hutun rabin lokaci ya faɗo kan magariba. Na fita bayan hol inda aka ajiye jarka da butoci uku, ruwan kaman daga firij aka ɗebo. Ina tsugune na gama, na ɗago zan miƙa butar ga na bayana, sai ga jar hula. Muka kalli juna. Shi kaɗai ne, abokan sun tafi wajen mai gugguru da gyaɗa. Na miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu, kai a ƙasa, ba shi ne mai "ka biya min tikiti" ba sam.

Bayan an sallame na tsaya ina sa takalmi nace masa, "Ƙanina, kai ka taɓa kallon wasan nan ne?" Sai fuskarsa ta washe. Ashe tsohon nan mai gidan haya yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, gemun auduga ce aka manna masa. Wata biyu yana raka shi rihazal, shi yake riƙe masa takarda a gida yana karanta layin 'yan haya, jiya ma ya kalla. Abokansa ya kawo yau su ga yayansa, kuma duk surutun nan nuna musu yake shi ɗan ciki ne, ya san komai. Ba raini ba ne, alfahari ne ya rasa inda zai ajiye shi.

Nace masa "To ka san me kake yi wa yayanka? Wata biyu yana dafa abinci, in ya ɗauko loma zai kai baki sai ka warce. Wancan shirun da yayi kafin maganar salatif, kai ka san sau nawa ya gwada shi." Yayi shiru, yace "Wallahi Yaya ban ɗauka ana ji har can ba." Nace ana ji, ya ma kallo mu. Sannan na ba shi haƙuri kan yadda na yi masa magana a gaban abokansa, don gaskiya ni ma ban kyauta ba. Yace ba komai, shi ne da laifi. Duka maganar ba ta kai minti uku ba.

Na daɗe ina juya abin. Saƙon da na ba shi a hol da wanda na ba shi a wajen alwala ɗaya ne, yi shiru. Na farko ya zo da 'yan kallo, kuma don jin daɗina nake nema, na biyu babu kowa, kuma don yayansa ne. A na farko in ya bi maganata ya faɗi, a na biyu in ya bi ya zama ƙanin kirki. Amma kar in cika baki, sa'a ma ta taka rawa. Da ace ɗan shaye shaye ne ko wanda yazo neman rigima, da buta ba ta gyara komai ba, da sai dai a kira masu wurin.

Inda nake ganin ana kuskuren fahimta

Da na ba wasu labarin sai suka fara "ai mutanenmu ba su waye ba, a Turai ko tari ba a yi." Ban yarda ba. Na farko mu ba mu gaji kallon shiru ba. Wanda ya taso yana bin tashe daga goma ga azumi ya san 'yan kallo su ne 'yan amshi, in ba su amsa ba wasa ya mutu. 'Yan kama da 'yan gambara da mutane suke wasa, su tsokane ka ka rama, a yi guɗa, a yi liƙi ana tsakiyar abu. A dandali babu layi tsakanin mai yi da mai kallo. Su kansu Turawan, a zamanin Shakespeare a Landan masu tikitin kwabo ɗaya a tsaye suke kallo suna ci suna sha suna mayar wa 'yan wasa magana. Kashe fitilar hol a zauna tsit abu ne na baya baya, ana yawan danganta yaɗuwarsa da gidan wasan da mai tsara kiɗa Wagner ya buɗe a Jamus a 1876.

Kuma wasan barkwanci ma bai son shiru. Wani masani Ba'amurke, Robert Provine, ya bi diddigin dariyar mutane ya gano mutum yafi yin dariya kusan sau 30 in yana cikin mutane akan in yana shi kaɗai. Abin da ka biya kuɗi ka saya a hol kenan, dariyar na kusa da kai, in ba haka ba ai da ka zauna a gida da wayarka. Maman da ke gefena ta fi kowa ƙara a wurin, tana "wayyo cikina", tana "Allah ya shirye ka Baba", ba ta dame ni ko kaɗan ba, ƙara min daɗi ma tayi. Bambancinta da yaron shi ne ita bayan magana take zuwa, shi kafin magana. Ɗan wasan kirki yana jin dariya ta tashi, ya jira ta fara sauka, sannan ya jefa layi na gaba, to duk hayaniyar da ta faɗo cikin wannan tashi da saukar tasa ce, yana so. Wadda ta faɗo cikin shirunsa ita ce sata. Alhaji da wayarsa ma abin da yayi kenan.

Ita anti nata daban ne, don bayan tare gaba akwai haƙƙi. Wasan da aka sayar da tikitinsa ta watsa shi kyauta, da duk inda dariyar take. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba mai wasa iko kan ɗauka da watsa wasansa kai tsaye, amma wa zai tsaya karanto doka a duhu. A Amurka masu barkwanci irin su Dave Chappelle har jaka ake ba ka a ƙofa a kulle wayarka ciki sai an tashi, saboda barkwancin da ya zaga intanet ya gama amfani. Nan in ka ce za ka karɓi wayar mutane a ƙofa ai ranar za a yi wasan na gaske.

Abin da darakta yayi bayan hutu ya fi dacewa da mu. Ya fito yace dan Allah a kashe fitilar waya tana shiga idon 'yan wasa, kuma in an gama duk za su tsaya minti goma a yi hoto da bidiyo da kowa, harda Baba da gemunsa. Bai kalli kowa ba, bai kira kowa ba. Antin ta kashe fitila ta daina laif, amma ta ci gaba da ɗaga waya jefi jefi, rabin nasara dai. Mu kuma muka yi abin da ya kamata mu yi tun farko, muka koma kujerun gefe da wasu suka bari, ƙanwar matata ta samu ganin dandamali da idonta.

Kujerun da suka rage babu kowa kuwa harda na layin gaba. Alhaji da mutanensa daga sallah ba su dawo ba. Daga baya abokina yake faɗa min ashe babban baƙo ne, an gayyace shi ana sa ran zai ba da gudummawar da za ta biya kuɗin hol da man janareta, kuma har yau ba su ji daga gare shi ba. Darakta yayi faɗa sosai a bayan labule, yace ba a wasa da mai riƙe da tukunya, shi kuma mai fitowa a Baba yace da ya ƙyale da wayar ta yi ƙara sau biyar. Ni a matsayin ɗan kallo ina bayan Baba ɗari bisa ɗari, amma ba ni zan biya bashin hol ba, don haka ra'ayina mai arha ne. Abin lura dai shi ne dabarar da ta fi ba kowa dariya ita ce ta fi tsada, kuma irin kuskurena ce, kunyatarwa a gaban jama'a, sai dai tasa ta zo da gwaninta kuma hol na bayansa.

Kashi na biyu ya tafi lafiya. Sau ɗaya na zaro waya a ƙasan kujera zan duba sakamakon ƙwallo, matata ta kalle ni ta kalli wayar, ba ta ce komai ba, na mayar. Daga inda muka koma ina hango jar hula. Ya cire hular ya cusa a baki, kuma duk lokacin da wani abin dariya ya kusa sai ka ga kafaɗunsa sun fara rawa tun kafin a faɗa, yana dukan cinyar abokinsa, amma ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Da aka tashi ya zo ya ja ni har wajen yayansa yace "ga wanda ya min faɗa", yayan yana ɓare gemu yace "Allah ya saka, ni na gaji da faɗa masa." Abokina yace wasa na gaba a ƙofa za su ajiye shi yana yaga tikiti.